Faɗuwa Ɗaya Ko Biyu? Tarihin Muhawara Kan Tsarin Gasar Kokawa, Daga Ƙasar Gumel Zuwa Takobin Nijar

Gabatarwa

Duk wata gasa da ɗan Adam ya ƙirƙiro tana ɗauke da wata tambaya wadda dole a amsa ta tun kafin a buga ganga: idan gwani ya faɗi, gida zai tafi, ko kuwa za a bar shi ya sake shiga fage? Amsar da aka bai wa wannan tambaya ita ce tsarin gasa, kuma a kanta ne masu shirya wasanni suka fi samun saɓani a ko'ina cikin duniya. A wannan maƙala zan bi diddigin yadda aka riƙa amsa ta a kokawa, wasan da na tashi na tarar a ƙasar Gumel, tun daga dandalin kaka har zuwa gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda mu mutanen bakin iyaka muke bi tamkar tamu. Zan kuma leƙa ƙasar Ailan, inda aka kwashe shekaru fiye da ashirin ana sauya fasalin gasar ƙwallonsu ta gargajiya. Manufata ita ce in nuna cewa tsarin da ya cancanci a riƙe shi ne wanda ya bar wa faɗuwa nauyinta, amma bai kori wanda ya faɗi daga fagen ba.

Ƙasa ɗaya da iyaka ta raba

Kafin a ce me ya haɗa ɗan Gumel da gasar wata ƙasa, ya kamata a waiwayi tarihi. An kafa masarautar Gumel wajajen shekarar 1750, a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, kuma ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar Barno. Kafin a dawo da fada garin Gumel a 1845, hedikwatar masarautar tana Tumbi, garin da yau yake cikin Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin da ya bar tushenmu a arewa, rassanmu a kudu, a farkon ƙarni na ashirin. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar Lautai ta zamo ɗaya daga cikin masarautunta biyar, kuma a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Layin Turawa bai hana auratayya ba, bai hana fatauci ba. Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa shanu da raƙuma da yawa daga ƙasar Damagaram suke gangarowa, kuma labarai ma ta nan suke biyowa. Shi ya sa idan lokacin Takobi ya yi, za ka tarar da rediyo a majalisu an kamo Muryar Sahel, matasa kuma sun duƙufa kan wayoyinsu, ana musun wa zai ka da wa, da zafin da ba ya kasa na masu musun ƙwallon Turai.

Tsarin da ba a rubuta ba

Kokawar da iyayenmu suka gada 'yar kaka ce. Sai an yanke gero, an girbe dawa, an roro wake, an kai amfani rumbu, sannan samari ke samun ƙarfin jiki da sukunin fita dandali. Wani gari ya gayyaci maƙwabtansa, 'yan kokawa su zo da makaɗansu, su ɗaura walki da layu, jama'a su yi da'ira. Gwani ya fito ya yi kirari, ya nuna wanda yake so. Wanda aka nuna ya amsa, ko ya ƙi. Dattawan fage, waɗanda su ma sun yi zamaninsu, su ne ke duba ko wannan tsaran wancan ne, su hana a haɗa yaro da ƙato, su kuma raba idan kamu ya yi tsawo ko rai ya fara ɓaci.

Wannan ma tsari ne, ko da ba a taɓa rubuta shi a takarda ba, kuma yana da hikimarsa. Wanda aka kayar yau ba a kore shi ba. Gobe akwai wani dandali a wani gari, yana iya neman fansa. Duk da haka faɗuwa ba ta zama banza ba, domin makaɗa suna ajiye ta a bakinsu, 'yan mata su sa ta a waƙar gaɗa, a yi ta tsokanar mutanen garinsa da ita har wata kakar. Kunya ita ce alƙalin wasa, suna kuma shi ne kofi.

Rauninsa guda ne, amma babba. Wannan tsari ba ya iya fitar da gwani na gwanaye. Manyan 'yan kokawa biyu suna iya ƙare zamaninsu ba su taɓa haɗuwa ba, kowanne yana kauce wa ɗan'uwansa don kare sunansa, magoya bayansu kuma su mutu suna gardamar da babu mai raba ta. Muddin wasa na ƙauye da ƙauye ne, wannan bai dami kowa ba. Ranar da hukuma ta so ta naɗa sarki guda ga ƙasa baki ɗaya, sai ya zama dole a zauna a tsara doka.

Tawa, 1975

Wannan rana ta zo a Nijar a shekarar 1975. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya karɓi mulki a ƙasar da fari ya ɗaiɗaita, yana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa ɗaya. Gwamnatinsa ta ga kokawa wasa ne da talaka ya riga ya sani, ba ya buƙatar tsadar kaya, sai ta mai da shi gasar ƙasa tsakanin jihohi. An yi ta farko a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya lashe ta. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi, kowace ta karɓi baƙunci idan layi ya zo kanta, kyautar gwani kuma ta zama takobi, har sunan takobin ya rinjayi sunan gasar.

Tsarin da ya zauna daga baya ya cancanci a dube shi da kyau. Jihohi takwas ne ke shiga: Agadas da Diffa da Dosso da Maraɗi da Tawa da Tillaberi da Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokawa goma, jimilla 80. Kowace jiha za ta kara da sauran bakwai, wato haɗuwa 28 ke nan kafin a zo wasannin ƙarshe. Duk ɗan kokawar da aka kayar sau ɗaya tak, ya fita daga neman takobi a wannan shekara. Sai dai ba ya naɗe kayansa ya koma gida. Yana ci gaba da shiga fage da sunan jiharsa, kuma yana iya zama shi ne zai ka da wani wanda bai taɓa ƙasa ba, ya fitar da shi daga layi. Haka ake ta tankaɗe da rairaya, kullum adadin waɗanda ba a kayar ba yana raguwa, har a kai ga wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe.

A ganina, waɗanda suka tsara wannan doka sun warware wata matsala da ta gagari ƙasashe masu yawa. Sun saƙa gasa biyu a cikin ɗaya. Ga mutum ɗaya, sili-ɗaya-ƙwale ce: kuskuren ƙiftawar ido ya ishe shi ya jira baɗi. Ga jiha kuwa, gasar zagaye ce, wadda kowa zai gamu da kowa. Saboda haka mai kallo ba ya rasa dalilin zama a kan benci. Ko jiharsa ba ta da sauran mai neman takobi, tana da 'yan ɓata lissafi, kuma makashin maza, maza ke kashe shi. Sunayen da wannan tsari ya haifar sun zama tarihi: filin kokawar Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa.

Inda ake saɓani

Duk da wannan nasara, muhawara ba ta taɓa mutuwa ba, kuma na sha jin ta a majalisun garuruwanmu. Tana kewaya abubuwa huɗu.

Na farko shi ne nauyi. Takobi ba ya raba 'yan kokawa aji-aji, siriri da jibgege duk fage ɗaya suke shiga. Masu neman gyara suna kafa hujja da gasar kokawa ta ƙungiyar ECOWAS, inda ake auna kowa a sikeli a haɗa shi da tsaransa, suna ganin hakan ya fi adalci kuma ya fi kare lafiya. Masu riƙon gargajiya suna ganin ranar da aka kawo sikeli, ranar aka kashe abin da ya fi komai daɗi a kokawa, wato ganin ƙaramin mutum ya ɗaga ƙato da dabara. Suna kuma tambaya: idan aka yi aji biyar, sarakuna biyar za a naɗa?

Na biyu shi ne lokaci. Da yake faɗuwa ɗaya na kashe buri, gwanaye biyu da ba a kayar ba suna iya shiga fage kowanne yana tsoron kai hannu, su yi ta zagaye da tura juna. Don maganin haka ne aka shigo da agogo da gargaɗin alƙali. Amma wannan magani ya zo da nasa ciwon, domin kokawar da aka yanke ta da lissafin gargaɗi ba ta gamsar da ɗan kallon da ya zo ganin kaye.

Na uku shi ne zargin sayar da kaye. Tun da wanda ya riga ya faɗi ba shi da sauran takobin da zai rasa, ƙofa a buɗe take ga mai son ya lallashe shi ya kwanta wa wanda bai faɗi ba. Abin da ya zama ƙarfin tsarin, shi ne kuma tsagar bangon da ƙadangare ke iya bi. Kyaututtuka suna ƙaruwa, zargin ma yana ƙaruwa.

Na huɗu shi ne asali da rinjaye. Akwai 'yan kokawar da ke wakiltar jihar da ba nan aka yanke musu cibi ba, abin da wasu ke gani taimako ne ga jihohin da ba su da yawan gwanaye, wasu kuma ke gani ya zubar da ma'anar wakilci. Sannan da Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, sai tsohuwar tambaya ta sake tasowa: rinjayen mutum guda ado ne ga gasa, ko alama ce ta cewa tsari na bukatar gyara?

Abin da ya faru a Ailan

A nan ne labarin Ailan yake da amfani, domin sun bi hanyar da wasu ke so mu bi, sun kuma ga ƙarshenta. A 1884 suka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles don raya wasanninsu na gado a lokacin da suke ƙarƙashin mulkin Ingila. Ɗaya daga cikin wasannin shi ne ƙwallon Gelik, wadda mutum goma sha biyar-biyar ke bugawa da hannu da ƙafa. 'Yan wasan ba sa karɓar albashi, kuma bisa al'ada kowa gundumarsa yake bugawa. Tsibirin yana da gundumomi 32 a larduna huɗu, kuma an fara gasar ƙasa a 1887. Fiye da shekara ɗari dokar ɗaya ce: gunduma ta sha kashi sau ɗaya a lardinta, ta fita. Ana iya yin atisaye tun hunturu, a buga wasa ɗaya, a koma gida.

A 2001 suka buɗe abin da suka kira ƙofar baya, wato wanda aka ci a lardi ya sami dama ta biyu. A wannan shekarar ce gundumar Galway ta sha kashi a hannun Roscommon, ta zagayo ta ƙofar baya, ta rama a kan Roscommon ɗin, ta kuma ɗauki kofi. A 2018 suka ƙara wasan rukuni ga gundumomi takwas na ƙarshe. Duk wannan bai hana Dublin ɗaukar kofi sau shida a jere ba, daga 2015 zuwa 2020. A watan Oktoban 2021 aka kawo shawarar a raba gasar ƙasa da ta larduna. Ta sami ƙuri'u kaɗan sama da rabi, alhali ana buƙatar kashi 60 cikin ɗari, sai ta faɗi. A 2022 aka ƙirƙiro kofi na biyu, mai suna Tailteann, domin gundumomi masu ƙaramin ƙarfi. A 2023 aka raba gundumomi 16 zuwa rukuni huɗu, uku daga kowane rukuni su wuce gaba.

Sai ga lissafi ya fito fili: ana buga wasa 24 don a fitar da gundumomi huɗu kacal. Jama'a suka fara ƙorafin cewa wasannin ba su da zafi, tun da ana iya cin ka sau biyu ka wuce. A watan Fabrairun 2025 babban taron ƙungiyar ya soke wasan rukunin, ya amince cewa daga 2026 duk gundumar da aka ci sau biyu a wannan mataki ta fita. Bayan shekara 24 suna gyara, sun dawo neman abin da suka yar tun farko, wato tsoron faɗuwa.

Darussa biyu na ɗauka daga nan. Na ɗaya, tausayin wanda ya faɗi yana da iyaka. Idan dama ta yi yawa, ɗan kallo ne ke biyan kuɗinta da hamma. Na biyu, sauya tsari ba ya rage wa mai ƙarfi ƙarfinsa. Dublin ta yi shida a jere bayan an buɗe ƙofar baya, Isaka Isaka ya tara shida a inda babu ƙofar baya ko ɗaya. Abin da ya fi taimakon masu rauni a Ailan shi ne kofin da aka ware musu, wanda suke da begen ɗauka.

Abin da ya rage mana

A Nijeriya an fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, kuma daga baya kokawa da dambe da langa suka sami gurbi a cikinsa. Amma wannan gurbi bai kai matsayin Takobi a zukatan jama'a ba, domin kokawa baƙuwa ce a can, tana rakuɓe a gefen wasanni masu yawa. A ƙasarmu kuwa, dandalin kaka yana ja da baya. Samarin da da su ne 'yan fage, da an gama girbin riɗi da zoɓo sai su nufi ci-rani, waɗanda suka rage kuma gidan kallon ƙwallo ya janye su. Muna da masu sha'awa, muna da masu ƙarfi, abin da muka rasa shi ne gasar da za ta ba yaro dalilin ɗaura walki.

Idan har za a farfaɗo da ita, ina ganin tarihin da na zayyana ya riga ya nuna hanya. Ƙananan hukumomi huɗu adadi ne mai sauƙin tsarawa: idan kowace ta kara da sauran uku, haɗuwa shida ce, ana gama ta cikin kwana uku, rana ta huɗu a yi wasan ƙarshe. Baƙunci ya riƙa zagayawa, bana Gumel, baɗi Maigatari, sannan Gagarawa, sannan Sule Tankarkar, don kada wani gari ya zama ɗan rakiya. A ɗauki dokar Nijar ta faɗuwa ɗaya ga mai neman sarauta, wanda ya faɗi kuma ya ci gaba da kare sunan garinsu. Don toshe tsagar sayar da kaye, a sa kyauta mai tsoka ga ƙaramar hukumar da ta fi yawan kaye, a kuma raba ta ga dukkan 'yan kokawarta, ta yadda kowane kamu zai zama yana da riba ga mai yin sa, kwanciya da gangan kuma ta zama cin amanar abokan tafiya. Maganar nauyi kuwa, a bar babbar sarauta a buɗe ga kowa, a ware ƙaramar gasa ga matasa da marasa jiki, irin kofin da Ailan ta ware wa ƙananan gundumominta. Kowa ya wakilci inda yake zaune yake noma, kuma a tsayar da lokaci bayan kaka, kafin 'yan ci-rani su watse.

Akwai mai cewa rubuta doka zai kashe armashin gargajiya. Wannan tsoro yana da tushe, domin agogo da usur ba su san kirari ba. Amma tarihin Takobi ya nuna cewa doka da ganga suna iya zama a fage ɗaya, matuƙar an bar wa makaɗa da dattawan fage matsayinsu. Abin da ke kashe wasan gado shi ne a bar shi babu mai kallo.

Kammalawa

Tsari uku muka gani. Na dandalin kaka ya bar kowa a fage, amma bai iya naɗa sarki ba. Na tsohuwar Ailan ya naɗa sarki, amma ya kori rabin gundumomi tun wasan farko, kuma da suka zo gyara sai suka zarce har faɗuwa ta rasa zafinta. Na Nijar ya tsaya a tsakani, ya ɗora wa mutum nauyin kuskurensa, ya kuma bar masa aikin da zai yi wa jama'arsa bayan ya faɗi. Bai kuɓuta daga aibi ba, kuma masu sukarsa suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Sai dai shekaru hamsin da ya yi yana cika filaye daga Diffa zuwa Tillaberi shaida ce da ba a ture ta da baki.

Mu da muke kwana da tashi a bakin wannan iyaka, makarantar tana ƙofar gidanmu. Abin da ya rage shi ne masarauta da ƙananan hukumomin nan huɗu da tsofaffin 'yan fage su zauna tun dattawan da suka san kamun hannu suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.